Kujera Biyu a Zauren Surukina

Ku 'ya'yana, na san kun taso kuna jin wata magana a gefen kunne, wai ubanku ya taɓa zama kan kujera da takalmi a ƙafa yana ɗaga wa surukinsa murya a tsakiyar Matamaye. Ba wanda ya faɗa muku ƙiri-ƙiri, amma irin wannan zance ba ya mutuwa a gari. Kwanciya yake yi, ranar suna ko biki wata tsohuwa ta tashe shi. To, gaskiya ne. Na zauna, da takalmina, na kuma ɗaga murya, ba sau ɗaya ba, kwana arba'in cur. Abin da ba a gaya muku ba shi ne wanda ya sa ni, da abin da hakan ya jawo masa. Shi nake so in rubuta tun hannuna na iya riƙe alƙalami.

A shekarar ina malamin gona. Kullum ina kan moto, wato babur, tsakanin Kurni da Tsauni da Kance, ina bin lambuna ina gardama da masu rake a kan yadda suke sakin ruwa kamar ba zai ƙare ba. Bakina kuwa ba ya hutawa. Manoma sun sa mini suna Mushe Rediyo, wato Malam Rediyo, wai in na fara sai batir ya mutu. Ku riƙe wannan, domin da shi za ku auna kunyar da na sha daga baya. Cikin wannan hali takarda ta zo daga ma'aikatarmu cewa an ba ni gurbin ƙaro karatu a wata jami'a a Ingila, shekara biyu, kan ban-ruwa na noman rani. Sai dai da sharaɗi. Mu da muka yi lakwal, wato boko, da Faransanci, ba sa karɓarmu sai mun ci jarrabawar Ingilishi, ita kuma kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu, da magana baki da baki. Kowane kashi da makinsa, ɗaya ba ya ɗaukar nauyin ɗaya. Kuma in sakamako bai isa gare su ba kafin a gama kaka, gurbin ya tafi ga wani.

Wata shida na yi ina shiri. Na sayo littafi da kaset daga Kano, na saurare su har zaren ɗaya ya tsinke, uwarku Rakiya ta liƙe shi da jan farce. A kan moto ni kaɗai nake tambayar kaina da Ingilishi ina ba kaina amsa, har wani dattijo a Kurni ya ja ni gefe ya ce in ba damuwa ya san mai rubutun sha. Lokacin Rakiya tana goyon Salisu, kai kuma Habu kana shekara huɗu, kana bina kana kwaikwayon kaset. Na shiga motar Kano ina ji a raina cewa ko sarkin Ingila ne ya zauna gabana zan cika masa kunne.

Kashi uku na farko sun wuce lafiya. Da aka zo na magana, aka shigar da ni wani ƙaramin ɗaki, na tarar da mai jarrabawar dattijo ne, gemu fari fat, sa'an mahaifina da yana raye. Ya miƙe tsaye ya nuna mini kujera. Ta yaya dattijo zai tashi don ni? Na ɗosana a bakin kujerar, na haɗa gwiwoyi, na kafa idona a kan tebur. Ya tambaye ni garinmu, na faɗa a taƙaice. Ya ba ni wata 'yar takarda ya ce in yi magana minti biyu a kan abin da ke ciki, na yi jimla huɗu masu tsabta na ja bakina, domin ban ga dalilin da yaro zai tsare babba da wa'azi ba. Ya jira, ni ma na jira. Daga ƙarshe ya ce wasu na ganin gara manoma su bar ƙauye su koma birni, ko na yarda? Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina yaƙi da wannan magana, na sunkuyar da kai na ce haka ne, ranka ya daɗe, yadda ka faɗa daidai ne. Na fito ina yaba kaina. Na ce yau dattijon nan ya ga ɗan gidan mutunci.

Da sakamako ya zo, na ci uku na faɗi magana. Mushe Rediyo ya faɗi magana. Kwana biyu na ɓoye takardar cikin littafi, a na uku Rakiya ta same ni a gindin dalbejiyar tsakar gida ta ce in nuna mata yadda aka yi, ita ce dattijon. Na ɗosana a bakin turmi, na sunkuyar da kai, na maimaita mata komai da Hausa. Ta yi dariya har ta dafa bango.

"Malam, ashe gaisuwa ka je yi Kano."

"Dattijo ne fa, Rakiya. Gemunsa fari."

"To in ka koma ka tarar da wanda ya fi shi furfura?"

Dama ɗaya ta rage mini, bayan wata biyu, in na sake faɗuwa shi ke nan. Ingilishin yana cikin kaina, amma muddin babba na gabana ba zai fito ba, kuma ba littafin da ke maganin wannan. Tana jijjiga Salisu ta tambaye ni wa na fi jin nauyi a duk faɗin duniya. Ta san amsar, don haka ba ta jira ba. Ta yafa mayafi ta fita.

Ku manya kun san kakanku Alhaji Laminu da tsufa, yana ba ku dabino. Ni na san shi lokacin da gari ke sassauta murya in ya gifta. Shekara arba'in yana fatauci, daga Agadas har Ikko, sannan ya ajiye ya zauna a zaurensa, inda ake kawo masa rikicin gado da na iyakar gona. Shekara biyar ina auren 'yarsa ban taɓa shan ruwa a gabansa ba. In na hango babbar rigarsa daga nesa, sai in karya kan moto in shiga wani lungu. In kuwa muka yi kiciɓis, in kashe inji, in sauka, in tuɓe takalmi, in durƙusa, shi kuma ya kau da kai ya amsa gaisuwa yana kallon wani wuri. Haka ake yi tsakanin mutum da surukinsa, kuma ba wanda ya taɓa jin an matsa masa. Da za a ce in zana shi a lokacin, ƙafafunsa kawai zan iya.

Washegari bayan la'asar aka ce yana kirana. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na shiga a duƙe. A tsakiyar zauren, inda buzunsa yake zama, na ga kujeru biyu na ƙarfe suna fuskantar juna, da ɗan tebur a tsakani. Yana zaune kan ɗaya, carbi a hannu.

"Isufu, koma ka sa takalminka."

Na ɗauka ban ji daidai ba, na ƙara duƙawa.

"A ɗakin Kanon nan ka tuɓe takalmi?"

"A'a, Baba."

"To koma ka sa. Ka zo ka zauna nan, ka jingina bayanka."

Ban taɓa yin tafiya mai nisan wannan taku biyar ba. Da na zauna, ya ce Rakiya ta yi masa bayani, kuma shi bai san Ingilishi ba, bai san Faransanci ba, amma ya yi ciniki da Buzaye da Yarabawa da mutanen da ko sunan yarensu bai sani ba, kuma bai taɓa sayen kaya a hannun mutumin da ya ƙi kallonsa ba. Ya ce zai riƙa faɗin magana da Hausa, ni kuma in musa masa da yaren jarrabawa, idona cikin nasa. Ya riga ya auna da agogon liman cewa istigfari ɗari a jansa minti biyu ne. In na yi shiru kafin carbi ya zagayo, ko na sauke ido, a koma farko.

"Na ce taki ɓata ƙasa yake yi. Musa mini."

Na ɗago kai. Wallahi ji na yi kamar na leƙa rijiya. Na buɗe baki, kalma uku suka fito, idona ya faɗi ƙasa da kansa.

"Sake."

Ranar sau goma sha ɗaya ya ce sake, har aka kira magariba ban kai rabin carbi ba. Na fita rigata sharkaf. A mako na farko wuyana ne ya fi wahala, domin abin da aka lanƙwasa tun yarinta ba ya miƙewa rana ɗaya. A na biyu na fara kaiwa ƙarshe, sai ya ɓullo da wani abu da har yau nake mamaki. Mutumin da bai san kalma ɗaya ta Ingilishi ba ya fara kama ni da kure. Sai ya tsayar da carbi ya ce wannan kalmar mai kama da tari na faɗe ta sau huɗu, ba ni da wata ne? Ko ya ce tun ɗazu zagaye nake yi kamar jakin da aka ɗaure, ban ƙara komai ba. Wata rana ya ce abin da na faɗa yanzu haddarsa na yi daga littafi, muryata ta canza, in ajiye shi in faɗi nawa. Kuma kowane lokaci gaskiyarsa ne. Ina komawa gida in zauna shiru, Rakiya ta tambaye ni lafiya, in ce mata ubanki ba mutum ɗaya ba ne.

Zaure kuwa ƙofarsa a buɗe take, shi ya hana a rufe, wai ba ɓarna ake yi ba. Masu dawowa daga masallaci suka fara rage tafiya. Abin da suke gani shi ne mijin Rakiya ya harɗe a kan kujera da takalmi, ya tsare Alhaji da ido, yana nuna shi da hannu yana zuba yaren nasara, Alhaji kuma yana jan carbi kamar mai neman tsari. Kafin Juma'a biyu labari ya kai Tsauni, wurin mahaifiyata. Inna ta hau motar kasuwa ta zo, ba ta ko sauka gidana ba, ta zarce zauren. Ta tarar da mu a tsakiyar gardama kan ko ya kamata a riƙa sare itace. Ta durƙusa a bakin ƙofa tana kuka.

"Alhaji, ka yafe mini. Ba haka na rene shi ba."

"Na sani, Hajiya. Da ba ki rene shi ba, da bai faɗi ba. Tarbiyyarki ce ta bi shi har Kano."

"Mutane suna magana, Alhaji."

"Ni suke yi da ni. Ki bar mini su."

Da shi ɗin suke yi kuwa. Daga baya na ji cewa wasu 'yan'uwa biyu daga Kance da suka sa ranar kawo masa rikicin gonarsu sun fasa, ɗayansu ya ce mutumin da mijin 'yarsa ke yi wa tsawa a zaurensa ba zai raba su ba. Abokan zamansa na bayan la'asar suka koma wata inuwa. Duk wannan damina zauren da ba ya rabo da takalma a ƙofa ya zama ba kowa sai mu biyu. Mutuncin da ya tara shekara da shekaru ya ɗauko ya shimfiɗa mini in taka, bai kuma taɓa ambata mini ba ko da wasa. Na so in daina, na aika Rakiya ta gaya masa. Ta dawo ta ce ya ce gobe in zo da wuri.

Saura kwana uku in tafi Kano, na zauna kamar kullum ina jiran ya ce rijiya ta fi famfo ko wani abu irin wannan. Ya juya carbin a hannunsa. Sannan ya dube ni.

"Na ce tafiyar nan taka kuskure ce. Za ka bar mini 'ya da yara biyu shekara biyu. Uwarka ta tsufa. Ruwan lambun Kurni kuma da kai da babu kai haka za a ci gaba da sakinsa. Musa mini."

Muryarsa ba irin ta kullum ba ce. Na rasa ko darasi ne ko gaskiya, na kuma ji tsohon nauyin nan yana danna wuyana. Da na sauke ido a wannan lokacin, na san ba Ingila ba, ko Kano ba zan je ba. Na riƙe idonsa na fara. Na gaya masa da Ingilishi yadda rijiyoyin lambu suke ƙara zurfi kowace shekara, yadda na ga mai rake ya zauna a bakin busasshiyar rijiyarsa, yadda nake ba manoma shawara alhali ni kaina sanina bai wuce nasu da yawa ba. Na gaya masa ina tsoron tafiyar, ina tsoron in dawo ban tarar da Inna ba, ina tsoron Salisu ya manta fuskata. Na ce duk da haka ya yi kuskure, kuma zan tafi. Hawaye na zuba, ban share ba don kada in kau da ido. Na ga carbin ya zagayo ya wuce, ya sake zagayowa, bai tsayar da ni ba. Da na ƙare, ya ajiye carbin a kan tebur.

"Ko kalma ɗaya ban ji ba," ya ce. "Amma da kaya kake sayarwa, da na saya. Tashi ka je."

A gida na tambayi Rakiya. Ta ce ai tun ranar da takardar farko ta zo ya gaya mata ba ya son tafiyar, kuma har yau bai canza ba. Na ce to me ya sa ya yi duk wannan? Ta ce ita ma ta tambaye shi, ya ce rashin son nasa daban, faɗuwata daban. In zan zauna, in zauna don na zaɓa, ba don wani dattijo a Kano ya ga tsakiyar kaina ba.

A Kano wata mata ce ta yi mini jarrabawar, ita ma da furfurarta. Na zauna na jingina bayana, na dube ta. Bayan idon Alhaji Laminu, idonta bai fi na 'yar tsana ba. Da ta ba ni minti biyu, sai da ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Da ta kawo wata magana a kan birni da ƙauye, na musa mata da ladabi, na kawo dalili uku, har ta yi murmushi. Sakamako ya fito, na aika, aka shiga girbin gero ina zaryar gidan waya. Ana ɗaure dammunan ƙarshe amsa ta zo cewa jami'a ta karɓi sakamakon, gurbi nawa ne.

Da takardar a hannu na nufi zauren da gudu-gudu, na faɗa ciki da takalmina kamar yadda na saba. Ba kujeru, ba tebur. Buzu ya koma wurinsa, yana zaune a kai, ya kau da kai yana kallon bango. Na tsaya tsaye kamar wanda ya shiga gidan da ba nasu ba. Sai na gane. Na ja da baya, na tuɓe takalmi a waje, na shigo a duƙe, na durƙusa, na gaya wa ƙafafunsa cewa an karɓe ni.

"Alhamdu lillahi. Allah ya sa a je a sa'a. Rakiya da yara su dawo nan."

Na tafi. Abin da ya faɗa bai faɗi ƙasa ba: Inna ta rasu ina shekara ta biyu a can, shi ya tsaya a kan jana'izarta a madadina, kuma da na dawo Salisu ya ɓuya bayan uwarsa yana leƙena. Aikin da na yi a lambuna bayan dawowata kun gan shi da idonku, ba sai na yabi kaina ba. Ko ya isa ya biya waccan rana da aka kai Inna ba na nan, wannan har yau ban yanke ba. Shi dai bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Mutane sun koma zaurensa a hankali, wasu ba su koma ba har ya bar duniya.

Shekara goma sha bakwai ya ƙara bayan wannan, ban sake kallon fuskarsa ba, shi ma bai sake kallon tawa ba. Bai yarda da hoto ba, shi ya sa ba ku da ko ɗaya. Kwanan baya ke Zainabu, da kika zo duniya bayan rasuwarsa, na ji kina tambayar uwarki kamanninsa. Ta ce dogo ne, baƙi, mai taushin murya, sai ta tsaya, domin ita ma idonta a ƙasa yake in yana wuri. To ga sauran. Yana da ɗan tabo a gefen girarsa ta hagu, siriri, kamar na ƙaya. Idonsa ba baƙi ba ne kamar yadda kowa ke zato, ruwan ƙasa ne, na dama ya ɗan fi na hagu ƙanƙanta. In zai ce sake, sai hancinsa ya motsa tukuna. In kuma abu ya yi masa daɗi ba ya murmushi, kunnuwansa ne suke ɗan ja da baya. Ranar da na ce masa ya yi kuskure ina kuka, na ga sun ja.